Da Idon Kirkin Na Leƙa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba a shafin nan. Wasu sun ɗauka rikicin nan ne ya rutsa da ni. Ina raye. Ciwon ido ne ya kwantar da ni, kuma ni na jawo wa kaina.

Kun san ni malamin lissafi ne, ba mai gyara ba. Amma tun da Oga Sande, mai gyara mana kwamfuta a unguwar Dogo Tebo, ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu saboda tashin bama-bamai, sai na zama injiniyan kaina. Kwamfutar gida ta ƙi tashi, in kwance ta, in goge ram, wato ɗan allon da ke riƙe mata bayanai, in hure ƙurar fanka, ta tashi. Sau uku ina dacewa, na fara jin kaina.

Ana nan na ga tallar 'yar tocilan leza a intanet, mai koren haske, irin wadda ake nuna rubutu da ita a allo. Arha kamar kyauta. Direba ya kawo min ita daga Kano. Kwana huɗu ta yi ta mutu.

Mai hankali jefarwa zai yi. Ni kuwa injiniya na sake batir, na kwance gilashin bakinta, na leƙa ciki ina danna maɓalli, ina neman ko ɗan ƙyalli.

Idona na hagu tun ina yaro ba ya gani sosai. Don haka da na kirkin na leƙa.

Ba zafi, ba hawaye. Sai da na ɗauki littafin wani ɗalibi zan duba, na ga baƙin tabo a tsakiyar shafi. Duk inda na kai ido, tabon ya riga ni.

Washegari aka sa dokar hana fita. Kwana uku ina zaune da abina a gida. Da aka sassauta na je asibiti, suka ce ba su da na'urar duba cikin ido, sai Kano. A hanya, kowane shingen sojoji mu sauka, hannu a sama, ina laluben kafaɗar na gabana.

A Kano aka ɗiga min magani, aka ɗauki hoton cikin idon. Hoton kaɗai ya ci rabin albashina.

Likita ya ce, "Malam, koren ne kawai ya mutu. Masu arhar nan suna fitar da wani hasken da ido ba ya gani. Shi ya ƙona maka tsakiyar ganinka."

Na ce, "Za a yi aiki?"

Ya ce, "Babu abin ɗinkewa. Sai jira."

Wallahi a masallacin asibitin na zauna na yi kuka. Malamin da ba ya iya karatu, me ya rage masa? Ko Alƙur'ani na buɗe, kalmar da nake nema ita ce ke ɓacewa.

Matata, da tsohon cikinta, ita ke karanta min takardun ɗalibai ina faɗa mata maki. In ta ga abin ya dame ni sai ta ce, "Baban Hafsa, kuskure ne, ka daina hukunta kanka."

A hankali tabon ya ragu, amma bai tafi ba. Likita ya koya min kallo ta gefen tabon. Yanzu na koma aji, ina rubutu da manyan baƙaƙe. Alhamdulillah. Na gode wa likitocin, da abokan aikin da suka riƙe min ajina, da matar nan da ban san da bakin da zan gode mata ba.

Shawarata: kada ku leƙa bakin leza, ko da kun ga ta mutu. Kada ku saya wa yara. In tabo ya fito muku a gani, ku nemi likitan ido tun da wuri.

Ranar da matata ta haihu aka miƙo min jaririyar. Na dube ta, na ga zani, na ga 'yan yatsu, babu fuska. Sai da na mayar da idona kan kunnenta sannan na ga 'yata.

Don haka in mun haɗu kuka ga na kau da kai, don Allah kada ku ce girman kai ne. Ku nake kallo.