Igiyar da Aka Ba Isyaku

Isyaku mutumin Ringim ne. Yana saurayi ya zo Kano, ya samu aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Shekara goma sha tara yana cikin warin fata, wallahi ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Shi ke share masallacin ma'aikata. Da ƙaninsa Yahaya ya tasa, shi ya je ƙauye ya ɗauko shi daga gaban tsohuwarsu, ya roƙa masa aiki.

To, a bayan kamfanin akwai wani rami da ruwan jima ke taruwa. In ya toshe, sai a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu ya sauka ya buɗe, wani na riƙe da ita a sama. Iskar ramin nan guba ce. Da ka ji kanka na juyawa sai ka girgiza igiya, a janye ka maza. Ranar nan Idi, shugaban leburori, ya tura Yahaya, ya ɗaure igiyar a jikin ƙarfe, ya tafi amsa waya. Gawa aka ciro. Allah ya jiƙan musulmi.

Ran sadakar uku Idi ya zo ya durƙusa yana kuka, ya ce, "Malam Isyaku, ku yafe min." Ga liman, ga dattawan unguwa, kowa ya zuba ido. Isyaku ya ce, "Na yafe. Kwana ne ya ƙare." Aka yi ta sa masa albarka.

Matarsa Hauwa kaɗai ta san akwai saura. Ya daina zuwa Ringim, don ba ya iya haɗa ido da tsohuwa. In ya sallame sallah ba ya ɗaga hannu, sai ya zauna yana kallon bango. Ta ce, "Malam, ka yi kuka mana, ko sau ɗaya." Ya ce, "Kukan me? Ai na yafe."

Bayan wata bakwai ramin ya sake toshewa, da rana tsaka. Kowa ya noƙe. Idi ya ce, "Ashe duk ragwaye nake kiwo a nan!" Wani ya ce, "Oga, ai kai ne jarumin, bismillah." Aka yi dariya. Zuciya ta ɗebi Idi, ya ɗaura igiya, ya duba ya duba, ya miƙa wa Isyaku. Ya ce, "Ku za ku riƙe, Malam. Ku ne mai tsoron Allah a cikinmu."

Idi ya sauka ramin, sauran suka koma bakin inji. Isyaku na tsaye, igiya ta girgiza a hannunsa. Ya ji ta sarai. Ta sake girgiza, wannan karon a hankali. Ya tsaya yana kallon yatsunsa, zuciyarsa ta yi wani sanyi da rabonsa da shi tun rasuwar Yahaya. Sai da igiyar ta yi shiru sannan ya ƙwala ihu.

'Yan sanda suka zo, suka yi tambayoyinsu, suka tafi. Kowa ya ce ƙaddara ce. Da Isyaku aka ɗauki makarar Idi.

Da yamma ya cinye tuwo malmala biyu. Hauwa na gefe, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam, da ya girgiza, ka ja da wuri?"

Ya ɗago ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ya turo kwano ya ce, "Ƙaro miya."

Ta tashi ta ƙaro. Har yau ba ta sake tambaya ba, kuma tun ranar ba ta yarda ta juya masa baya a bakin rijiya.