Mushen Da Yaya Habu Yake Nufi

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari. Ina zaune a tsakar gidana a Gumel ina tsince ridi, sai waya ta yi ƙara. Bitrus ne, abokin yayana Habu, mutumin Filato da ke aikin duba lafiyar dabbobi a kara, wato kasuwar dabbobi. Ba ya kirana sai da salla, don haka tun bai gama gaisuwa ba na ture faifan gefe. Ya ce, "Hajiya Binta, sai haƙuri. Habu ya yanke jiki ya faɗi a kara. Mun ɗauke shi zuwa asibiti, amma kafin mu isa rai ya yi halinsa." Har yau ina mamakin abin da ya fara fitowa daga bakina bayan salati. Cewa na yi, "Ina kyamararsa?" Bitrus ya ce tana hannunsa.

A wannan watan ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Duk shekarun nan ban ce komai a bainar jama'a ba, addu'a nake masa a ɗakina. Abin da ya sa na yi magana bana shi ne fim ɗin tarihin rayuwarsa da aka saki, wanda na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi sun gani a wayoyinsu.

Mu uku ne a wurin iyayenmu: Yaya Sani babba, sai Habu, sai ni auta. Innarmu 'yar ƙetare ce, daga ƙasar Damagaram aka auro ta. Tana da ƙane, Kawu Illa, wanda ke koyarwa a makarantar boko ta can, wadda suke kira lakwal. A can malamin boko mushe ake ce masa. Daga Faransanci kalmar ta fito, kuma ta girmamawa ce, kamar yadda mu nan muke cewa malam. Mun tashi muna kiransa Kawu Mushe, yana amsawa da fara'a. Shi ya koya wa Habu haɗa baƙi tun kafin a sa shi makaranta, shi ne kuma ya fara kai shi kallon majigi. Inna takan ce tun ranar aka rasa kan yaron.

Habu ya tafi Kano yana saurayi, ya shiga harkar fim, ya fara da ɗaukar fitila da jan waya, har ya zama darakta. Ba zan ce mutum ne mai sauƙi ba. Yana da kaifin baki, ga taurin kai. Ya yi fim a kan dillalan shanu, dillalai suka daina gaishe shi. Ya yi wani a kan masu tsallakar da kaya ta daji, aka yi ta aiko masa da gargaɗi. Don haka kafin abin ya faru yana da maƙiya da ke jira.

Da Kawu Illa ya rasu, Habu ya yi fim don tunawa da shi. Labarin wani tsohon malamin lakwal ne da ya ajiye aiki, ya tsayar da gemu, ya riƙa naɗa rawani, kamar dai yadda Kawu ya yi a ƙarshen rayuwarsa. Akwai wurin da tsohon ya shigo kasuwa, tsofaffin ɗalibansa suka hango shi, suka taso suna cewa, "Ga mushe nan, mushe ya zo." Suna isowa suka zube a gabansa suna gaisuwa, ɗaya ya karɓi jakarsa, ɗaya ya shimfiɗa masa tabarma. Wani, wanda har yau ban san shi ba, ya yanko wannan wurin, ya tsayar da shi daidai kafin su durƙusa. Abin da ya rage shi ne mutum mai gemu da rawani yana tafe, samari suna nuna shi suna cewa mushe. A haka ya bi wayoyi. A Kano da sauran garuruwa kuwa, mushe dabba ce da ta mutu ba yanka.

Sauran labarin sananne ne. An yi huɗuba a kansa, an hana sayar da fim ɗin, an ƙona kaset a bakin kasuwa. 'Yan wasan da ya koya wa tsayuwa gaban kyamara suka fito suna cewa ba su san da maganar ba. Aka laƙaba masa suna Habu Mushe. Na roƙe shi ya shiga rediyo ya yi bayani, magana ce da ba ta fi ta minti kaɗan ba. Ya ce, "Auta, ni ba zan fassara wa Bahaushe Hausa ba. Su kalli fim ɗin har ƙarshe." Babu wanda ya kalla har ƙarshe, don babu inda za a same shi. Wannan girman kan nasa ne, ban taɓa wanke shi a kai ba.

Inda abin ya fi yi mana ciwo shi ne gida. Yaya Sani limamin unguwa ne a Ɗanzomo, manomi, mai rawani. Shi ba sai an fassara masa kalmar ba, a kwano ɗaya ya ci tuwo da Kawu Illa. Amma ga abin da ya faɗa wa Habu a gabana: "Na san abin da mushe yake nufi a Damagaram. Kai kuma ka san abin da yake nufi a Kano. A Kano ka yi fim ɗinka, kuma da hannunka ka naɗa wa mutumin rawani." Habu ya ce, "Rawanin Kawu ne, Yaya." Yaya ya ce, "Ni ne nake shiga masallaci ana nuna ni da baki." Daga ranar ba su ƙara magana ba.

Habu ya baro Kano ya koma Maigatari, yana ɗaukar hoton biki da walima, ranar kasuwa kuma ya zaga kara da kyamara yana ɗaukar abin da babu mai saye. A haka ajali ya same shi. An kawo shi Gumel an binne. Yaya Sani ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, kuma kowa ya san Ɗanzomo ba ta da nisan da zai sa ya makara. Ya zauna ya karɓi gaisuwa kamar yadda ya wajaba a kan babba, ya koma gida. Bai tambayi inda aka sa shi ba.

A wurinmu mace ba ta zuwa maƙabarta. Habu bai bar ɗa namiji ba. Duk shekarun nan, in damina ta kusa, Bitrus ne ke zuwa ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙi mai gadi ya ƙara wa kabarin ƙasa. Ina gode masa, kuma ina jin kunya. Burina ɗaya ne tun ranar: wansa, wanda suka fito ciki ɗaya, ya tsaya a kansa ya ɗaga hannu ya ce Allah ya jiƙansa. Shi ya sa kowace kaka nake zuwa Ɗanzomo. Ban taɓa yi masa gardama ba. Hirar Inna nake kawowa, da ta Kawu, in bar ta nan. Da farko in na ambaci Habu sai ya tashi. Daga baya ya koma zama yana saurare. Bara, da idonsa ya fara rauni, ya ce da ni, "Binta, in an gama da ridin baɗi zan shigo Gumel. Ki sa a nuna mini wurin." Na dawo gida na yi sujada.

Ba a daɗe ba masu fim ɗin tarihin suka zo, wani saurayi da wata budurwa, masu ladabi, da direbansu. Suka ce suna son duniya ta san waye Habu. Na yi murna, na ɗauka Allah ne ya kawo mai faɗin abin da shi ya ƙi faɗa. Na zauna gaban kyamararsu tun hantsi har azahar. Na ba su labarin Kawu Illa, da lakwal, da majigi, da ɗaliban da suka durƙusa. Saurayin ya ce, "Mama, kina nufin ba da gayya ya yi ba?" Na ce, "Ina nufin kawunsa yake karramawa." Suka kalli juna. Budurwar ta ce, "To ai Mama, in haka ne labarin ya rage armashi." Ta yi dariya, ni ma na yi, don na zaci wasa take.

Har Maigatari na raka su wurin Bitrus. Muna tsaye a kara wani dillali Badamagare ya wuto da raƙumi ya ɗaga masa hannu ya ce, "Mushe, an tashi lafiya?" Bitrus ya juya ya kalli yaran ya ce, "Kun ji ko? Tun da na zo garin nan ake kirana mushe, ga ni kuma da raina, har da tumbi." Kyamararsu a kunne take. Ya kuma ba su cikakken fim ɗin tsohon malamin, wanda ya ajiye tare da kayan Habu, suka kwafa.

Da fim ɗin tarihin ya fito, a waya na kalle shi. Tun daga tallarsa na san an gama da mu: fuskar Habu, a ƙasanta an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe. A bakin mutumin kan iyaka akwai ɗan bambanci tsakanin mushen lakwal da mushen juji, amma a rubuce ɗaya ne. Suka kira shi gwarzon da ya fara faɗa wa masu rawani gaskiya ido da ido. Babu Kawu Illa ko sau ɗaya. Babu dillalin nan, babu barkwancin Bitrus. Daga duk maganar da na yi, abin da suka bari shi ne inda nake share hawaye ina cewa, "Har ya mutu bai ba kowa haƙuri ba." Wurin kasuwar kuwa, sun nuna shi, suka yanke shi daidai inda mutumin farko ya yanke, alhali cikakken yana hannunsu.

A cikinsa na ga fuskokin da suka tsallake titi don kada su gaisa da shi, yanzu sun yi furfura, suna cewa tare suka yi gwagwarmaya. Na kuma ji waɗanda suka tsine masa a da suna cewa ai ga shi nan, masoyansa da kansu sun tabbatar. Na kira saurayin. Ya ce, "Mama, lokaci ne ya yi mana kaɗan. Kuma ai mun ɗaukaka shi, yanzu matasa sun san shi." Na ce, "Kun ɗaukaka wani dai, ɗana. Nawa yayan ba ku sa shi a ciki ba."

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga wannan zamanin. Yau yaro na iya riƙe waya ya zagi wanda ya ga dama, safiya ta yi a manta, babu kaset ɗin da za a ƙona. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ta gefen baki. Kiran da aka yi masa na gwarzo kuwa, ba zan rantse cewa ba zai ji daɗinsa ba ko kaɗan, don yana son a san da shi. Amma na san abin da ba zai yafe ba. Mutum ne da zai kwana biyu yana gyara wuri ɗaya a fim, yana cewa inda ka yanke shi ne abin da ka faɗa. Maƙiyinsa ya yanke a nan don ya kashe shi, masu cewa suna ƙaunarsa suka yanke a nan don kasuwa. Na farkon ma yana iya cewa bai san kalmar ba.

Wani daga cikin masu bin Yaya Sani salla ya kunna masa fim ɗin tarihin, ya saurara. Na je Ɗanzomo na same shi a bakin gona, an jingine ridi yana bushewa. Bayan mun gaisa ya ce, "Binta, shekara da shekaru kina nuna mini ba haka yake nufi ba. Ga masoyansa sun ce haka yake nufi. Ga muryarki a ciki kina cewa bai ba kowa haƙuri ba. Da wa zan yarda?" Na ce, "Yaya, cikakken fim ɗin yana wurin Bitrus. Bari in kawo maka ka ga sun durƙusa." Ya ce, "Ina da ido ban kalli fim ba, sai yanzu da babu?" Sai ya tambaye ni ciwon gwiwata, ya sa aka ɗebo mini wake.

To me ya rage na Habu? Fina-finansa ba a samun su a kasuwa. Sunan da aka laƙaba masa don zagi ya zama take, matasa na rubuta shi a ƙarƙashin hotonsa suna alfahari. Abin da ya rage na gaskiya kaɗan ne, kuma a hannun tsofaffi yake: ni, da Bitrus da ya kusa ajiye aiki ya koma garinsu, da dillalan ƙetare da har yau suke gaishe da mai ilimi da wannan kalma ba tare da sun san ta taɓa cin mutum ba. Ba na roƙon kowa ya so shi. Mai taurin kai ne, kuma taurin kan ya ja mana. Abin da nake so a sani kawai shi ne, a wurin nan na kasuwa ɗalibai ne suka ga malaminsu suka taso gaishe shi, kuma sunan malamin Illa. Allah ya jiƙan su duka.

An yanke ridin bana, an kakkaɓe, an kai kasuwa. Yaya Sani bai shigo Gumel ba, kuma har yau bai san inda kabarin ƙaninsa yake ba.