Yadda na cire wa gonar Kawu nauyi

Na shirga ƙarya da yawa a rayuwata, yawancinsu kuwa na manta su tun kafin masu saurare su gama dariya. Amma akwai guda ɗaya da ko tsufa ya sa na manta sunayen ƴaƴana, ita ba za ta fita kaina ba, domin ita ce ta kusa hana gidanmu tuwon shekara.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar a lokacin, a wani ƙaramin gari kusa da Falanko, a hannun kawuna da ya riƙe ni. Zamanin mulkin soja ne, kuma damina ce ta farko da ta yi kyau bayan farin da ya kwashe rabin mutanen garin. Ƴaƴan Kawu maza biyu sun tafi cin rani tun lokacin yunwa ba su dawo ba. Sai aka bar shi da gona mai faɗi, hatsi ya yi zangarniya kamar damtsen ɗan kokawa, amma babu hannun da zai yanke. Shi tsoho, ni kuwa ƙarfina duk a baki yake. Don haka ya kira gayya, aka sa ranar Alhamis. Lokaci ya ƙure, domin mai shela ya riga ya zagaya cewa Litinin ta sama za a saki gonaki. A wajenmu in an saki gonaki, makiyayan da suka gangaro daga arewa suna da ikon shiga da dabbobinsu. Abin da ka bari a tsaye ya zama na raƙumi da saniya, ba ka da bakin kai ƙara.

A shekarun nan akwai wani zance da direbobin manyan motoci ke kawowa daga hanyar arewa. Wai can cikin hamada sojoji sun kewaye wani wuri da waya, suna gwada jirgin da ba shi da fiffike, ba shi da ƙara, yana tashi tsaye kamar hayaƙi. Babu wanda ya taɓa gani da idonsa, kullum yaron motar wani ne ya gani. Rediyo ba ta cewa komai, mutane kuma ba su tambaya, don a lokacin in za ka ambaci soja sai ka fara waiwayawa. Ni dai zancen yana yi mini daɗi ƙwarai, nakan ƙara masa gishiri in sayar wa abokaina a dandali.

Ranar Lahadi da hantsi muka je duba gona, sai ga wani abu a cikin hatsi ta gefen arewa. Fari ne, ya kumbura kamar mafitsarar sa da aka hura, amma ya kai girman ɗan rumbu. Yana tsaye a sama ba abin da ya tokare shi, igiya ta sauko daga gindinsa, a ƙarshenta wani farin akwati ya sarƙe a karan hatsi. Ni na ja da baya. Kawu kuwa ya zagaya shi sau biyu, ya ce abin da ya ɓace wa mai shi ɗaure shi ake yi har a zo cigiya, haka ake yi wa raƙumi, bai ga dalilin da wannan zai bambanta ba. Ya sassaƙa turke ya kafa, ya ɗaure igiyar tamau. Na rantse da ya ga inda bakin abin yake, da ya kawo masa ruwa da harawa.

Kafin azahar duk garin yana bakin gonar. A jikin akwatin akwai takarda da rubutun Faransanci, ni kaɗai ne kuwa a wurin na gama aji shida a lakwal, wato makarantar boko. Mai gari ya yafito ni, ya ce, "Kai ɗan lakwal, zo ka gaya mana abin da aka rubuta."

Na tsuguna na karanta, kuma na gane sarai. An ce kayan auna yanayi ne, ba shi da haɗari, wanda ya tsinta ya miƙa wa hukuma. Magana layi uku. Amma da na ɗaga kai sai na ga abin da ban taɓa gani ba: dattawan da kullum ke korata da sanda sun yi tsit, suna jiran abin da zai fito daga bakina. Wallahi daɗin wannan shirun ne ya ɗebe ni. Na gyara murya, na waiwaya hagu da dama, na ce, "Baba mai gari, wannan ba a faɗin sa da ƙarfi."

Suka matso. Na ce an rubuta sirrin soja ne. Na'ura ce mai shanye nauyi, ita ake ɗaura wa jirgin nan na hamada ya tashi ba fiffike, wannan ƴar ƙaramarsu ce ta tsinke musu. Na ce wanda bai yarda ba ya ɗaga akwatin ya ji. Mai gari ya sa hannu biyu ya yunƙura kamar zai ɗauki dutsen niƙa, sai abu ya taso masa kamar faifai, har ya kusa faɗuwa da baya. Na ce, "Kun gani ko? Ta shanye nata nauyin, yanzu na gonar take sha." Wani ya tambaya, to mutum fa? Na ce mutum sai ya yini a ciki tukuna. Na nuna Kawu, na ce, "Ku dube shi, ai jiya ya fi haka kauri." Kawuna kuwa tun da aka haife shi siriri ne kamar sandar makiyayi. Aka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka kowa ya gane wasa ne. Ban lura cewa masu dariyar suna yi suna janye ƙafa daga gonar ba.

Mai gari ya aika wa hukuma, ranar Talata jandarma biyu suka zo da mota. Lokacin abin ya saki iska ya yamutse, ya kwanta a kan hatsi kamar tsohuwar riga. Suka naɗe shi, suka ɗauki akwatin. Ɗayansu ya tambayi wanda ya tsinta, ya ciro ɗan littafi ya rubuta sunan Kawu da na mahaifinsa. Mai gari ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, shin mene ne wannan abin?" Jandarman ya ce, "Kayan gwamnati ne." Ya shiga mota suka tafi. Yau da na girma ina ganin wataƙila sauri yake yi, ko shi ma bai damu ya karanta ba. Amma a ranar, wannan gajeriyar amsa da rubuta sunan nan sun yi wa ƙaryata abin da rantsuwa dubu ba za ta yi mata ba.

Alhamis ta zo. Inna, matar Kawu, ta tashi tun asuba ta dama fura ƙwarya huɗu, aka yanka ɗan akuyar da ya tsira daga fari. Muka kai komai gindin gawon da ke bakin gona muka zauna jira. Rana ta ɗaga, ba makaɗi, ba samari. Mutum ɗaya ne ya zo, wani tsoho maƙwabcinmu mai nauyin kunne, shi ma don labarin bai samu hanyar shiga ba. Mu uku muka yini muna yanka, abin da muka yi bai kai a nuna wa baƙo ba. Da la'asar furar ta yi tsami. Kawu ya tsaya yana duban gonar, ya ce da ni a hankali, "Yaro, da gaske abin da aka rubuta ke nan?" Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "To." Da ya zane ni da igiyar rijiya da ya fi mini sauƙi.

Washegari bayan sallah na tsaya a ƙofar masallaci na ce jama'a su saurare ni. Na ce ƙarya na yi, abin nan na auna iska da ruwan sama ne. Na ɗauka za a yi mini ihu a wuce wurin. Sai na ga suna kallon juna suna gyaɗa kai. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah sarki, ɗana, an ja maka kunne ko? Kada ka damu, mun gane." Na ce wallahi babu wanda ya ja mini kunne. Ya ce, "Ai haka za su ce ka ce." Duk rantsuwar da na ƙara, sai su ƙara tausaya mini. Ana cikin haka wani da ya dawo daga kasuwa ya ce labari ya kai har Belbeji. Can ana cewa Inna ɗaure ƙafar Kawu take yi a jikin gado kada ya tashi sama, an kuma ga jakinmu yana shawagi a kan kwarin Tarka da mangalarsa. Na ji haushi iri biyu: ga gona za ta salwanta, ga shi kuma an fi ni iya ƙaryata.

Inna ce ta warware abin, ba kuwa da magana ba. Ranar Asabar da safe ta shiga cikin abin da muka yanka, ta haɗa dami biyu wuri guda ta ɗaure, ta ce, "Zo nan, mai bakin ganga. Kai ka cire wa gonar nauyi, kai za ka mayar mata." Ita da Kawu suka ɗora mini a ka, na ji wuyana ya shige cikin ƙirjina. Ta sa ni gaba, ba ta nufi wajen dattawa ba, sai bakin rijiya, inda ƴan mata ke jan ruwa, samari kuma na shawagi a gefe wai sun kawo dabbobi shan ruwa.

Ta ce in sauke a gaban sarkin samari, wani ƙato da ke kokawa, wanda shi ya kamata ya jagoranci gayyar. Ta ce, "Ga hatsin gonar da ba nauyi. Ɗauke shi da yatsa ɗaya mu gani." Ya ce, "Haba Inna, ni ba tsoro nake ji ba, sunana ne ba na so a rubuta." Wata yarinya mai baki irin nawa ta ce, "Wa zai ɓata alƙalami a kan sunan wanda dami ya kora?" Ƴan mata suka kwashe da shewa. Ya fusata ya sunkuya, ya fizgi damin da hannu ɗaya kamar yadda mai gari ya ɗauki akwati, amma wannan karon abin bai taso ba. Sai da ya sa hannu biyu da gwiwa, ya yi nishi. Inna ta ce, "To? Ko kai ma an shanye naka ƙarfin?" Ta nuna ni ina zaune a ƙasa ina tausa wuya, ta ce, "Wannan ja'irin kwana biyu yana yini a cikin gonar. Da ana tashi, ai da Allah ya raba mu da shi."

Ƴan matan ne suka fara shiga gonar, suna yi wa samari waƙar habaici. Kafin azahar samari kusan goma sun bi su, don namiji ya iya jure wa soja amma ba ya jure wa dariyar bakin rijiya. Ba duka suka zo ba. Akwai wanda ya zo da dutse a aljihu don kada ya tashi sama, na gan shi da idona, wannan kam ba ƙari na yi ba. Muka yi Asabar, muka yi Lahadi har rana ta faɗi, babu fura babu nama, don an riga an cinye su ranar da ba kowa. Muka kwashe wajen kashi uku cikin huɗu. Gefen arewa, inda abin ya sauka, shi ne ya rage, kuma nan ne hatsin ya fi kyau.

Litinin da safe garke ya shigo. Muna tsaye ni da Kawu muna kallon raƙuma suna tsinke zangarniya ɗaya bayan ɗaya, makiyayin ya ɗaga mana hannu, Kawu ya amsa masa, don bai yi laifin komai ba, ranarsa ce. Da muka gama zuba dami a rumbu, Kawu ya ce in hau in leƙa. Na leƙa, na ga inda hatsi ya tsaya, da sauran wurin da ya rage fayau har sama. Ya ce, "Ka ga wancan wurin? Nan ne karatunka yake." Shekarar nan tun kafin damina ta faɗi muka koma cin tuwo sau ɗaya a yini, kuma babu wanda ya taɓa ce mini don me.

Daga baya na tambayi malaminmu na lakwal, ya ce irin wannan abin masu duba yanayi ke sakinsa sama, iska ta kai shi inda ta ga dama. Na gaya wa mutanen garinmu haka ya fi sau ɗari. Har yau akwai tsofaffin da in na je gida sai su ja ni gefe, su rage murya, su ce yanzu ai sojoji sun sauka, in faɗa musu ainihin abin da aka rubuta.

Ban daina zuguiguita labari ba, wannan halina ne, da shi za a binne ni. In muna hira, zan iya ce maka na ga kura tana tuƙa keke. Amma abin da gonar Kawu ta koya mini shi ne, a inda masu iko ba su bayani, mutane kuma ba su iya tambaya, duk abin da mai karatu ya faɗa shi ne zai zauna, kuma ko shi ba zai iya tayar da shi ba. Tun daga ranar, in wanda bai iya karatu ba ya miƙo mini takarda, wasiƙa ce ko ta asibiti ko ta hukuma, nakan ajiye wasa gefe in karanta masa abin da ke ciki daidai, ba ragi ba ƙari, ko da layi uku ne marasa daɗin ji.