Akwati Mai Ƙaho Shida

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana gyaran rediyo, har mutanen layinmu suka manta yana da wani suna banda Mai Rediyo. Ya rufe shagon ne da rediyon suka daina zuwa, ya kwaso teburin aikinsa ya dasa shi a kusurwar falo, inda Inna ke tuntuɓe da shi kullum tana mita. Halaye biyu ne suka biyo shi gida. Ba ya yarda da na'urar da bai ga cikinta ba, kuma ba ya cire waya daga jikin komai sai ya zana bayan abin a takarda, rami bayan rami, ya rubuta aikin kowanne a ƙasa.

Abu ɗaya ne a gidanmu ya gagare shi, wato farin akwatin intanet da kamfani ya ba mu haya. An hana mu buɗe shi, ga kuɗin haya duk wata. Baba kan tsaya a gabansa da hannu a baya, yana kallonsa kamar baƙon da ya ƙi tafiya.

"Abu a gidana, a kan teburina, yana shan wutata, amma ba nawa ba," haka yake cewa.

Ni kuwa shekara biyu na yi ina neman aiki kafin na samu na amsa kiran masu sayayya daga gida, ta intanet. Ranar Litinin ƙarfe takwas zan fara, kuma an faɗa mana ɓaro-ɓaro cewa wanda bai bayyana ranar farko ba, an ba wani gurbinsa. Da bakina na yi ƙorafi a gaban Baba cewa akwatin hayar nan ba ya kai wa ɗakina da ƙarfi. Da na san abin da zai biyo baya, da na haɗiye maganar.

Ranar Juma'a na dawo daga sayen abin sauraren kira da ake sawa a kunne, na tarar da farin akwatin ya ɓace. A gurbinsa ga wani baƙi mai eriya shida a miƙe, kamar ƙahoni. Baba na zaune yana murmushi.

"Na mayar musu da kayansu. Wannan namu ne. Duba eriya, 'yata. Wancan ko guda ba shi da ita, shi ya sa ba ya kai miki."

"Yana aiki?"

"Zai yi."

Bai yi ba. Wayoyinmu na hannu duka sun ga sabon akwatin, sun kama shi cike da sanda huɗu, amma ko hoto ɗaya ya ƙi buɗewa. Wannan shi ya fi ruɗa mu. Baba ya ce tunda sigina ta cika, to laifin wayoyin ne. Inna ta ce tata lafiyarta lau har jiya. Ni na kashe na kunna ya fi sau goma, don iyakar ilimina ke nan. Ga kuma wata baƙar waya mai kauri da ta fito daga bango, mai kan ƙarfe da ake murɗawa, tana reto ba ta da wurin shiga. Baba ya gwada ta a kowane rami, ta ƙi.

"Wataƙila ta tsohon yayi ce, ba a buƙatarta," ya ce, amma muryarsa ba ta yarda da shi ba.

Na shiga ɗaki don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Kafin in fito, Baba ya ɗauko sukudireba ya kwance bayan sabon akwatin. Na same shi da tabarau a kan hanci, yana leƙa wani koren allo da babu komai a kansa sai ƙananan baƙaƙen abubuwa. Ya daɗe yana kallo.

"Babu abin gyarawa a ciki," ya ce a hankali. "Babu ma abin da mutum zai kama."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji tausayinsa, duka a lokaci guda.

Da safiyar Asabar muka ɗauki akwatin muka nufi shagon da ya saya. Jiya wani ne ya sayar masa, yau kuwa mai shagon ce da kanta, wata mata mai saurin magana. Ta juya akwatin, ta nuna 'yar takardar da aka manna a kan ƙusa, wadda Baba ya huda.

"Baba, kun buɗe shi. Ba ya komawa."

"To ai dole mutum ya ga abin da ya saya."

"Lafiyarsa lau ma. Rauta ce. Ina modem ɗinku?"

Muka kalli juna. Ta ce modem shi ke karɓo intanet daga kamfani, rauta kuma ita ke raba shi cikin gida. Baba ya ce akwati ɗaya ya mayar, don haka akwati ɗaya ya saya. Ta ce wancan biyu ne a cikin ɗaya. Ya ce to a ba shi irinsa. Ta ce akwai, amma tunda ya riga ya mallaki rauta, modem zalla zai saya. Sai ta jero tambayoyi: layinmu na wayar tarho ne, ko na zaren gilashi, ko irin na talabijin? Wane gudu muke biya? Kamfaninmu ya amince da wane iri? Ko ɗaya ban sani ba. Ni da nake ganin kaina 'yar zamani, shekara huɗu ina amfani da akwatin nan ban taɓa leƙa bayansa ba.

"In ba ku san layinku ba, ba zan sayar muku da abin da za ku dawo da shi ba," ta ce. "Ku jira ma'aikacin kamfani ya zo ya duba. Laraba ko Alhamis."

Ni kuwa Litinin zan fara aiki. Baba ya kalle ni, sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fiddo takarda a ninke huɗu. Zanen bayan tsohon akwatin ne, wanda ya yi kafin ya cire wayoyin. Ga ramuka huɗu a jere, ga na wuta, ga wani zagayayye mai zare da ya ja wa kibiya ya rubuta "baƙar waya daga bango". Har lambobin da ke jikin takardar kamfanin ya kwafe, harafi bayan harafi.

Mai shagon ta jawo takardar gabanta. Ta ɗora yatsa a kan zagayayyen ramin.

"Irin na talabijin ne. Wa ya zana wannan?"

"Ni," in ji Baba, ya gyara tsayuwa.

Ta duba lambobin a kwamfutarta, ta sauko da wani ƙaramin akwati marar eriya ko ɗaya. Baba ya juya shi da shakka, ya tambaya ko babu mai ƙaho. Na riƙe hannunsa na ce, "Baba, don Allah wannan kada a buɗe shi."

A gida baƙar wayar ta murɗu a raminta cif. Muka haɗa akwatunan biyu da gajeriyar waya, na kira kamfani na karanta musu lambar modem ɗin, suka ce rajista na iya ɗaukar kwana biyu. Fitilar modem ɗin ta yi ta ƙiftawa ruwan lemo yinin Lahadi gaba ɗaya. Ba mu san ko alamar alheri ce ko ta matsala ba, littafin da ya zo da shi kuma hotuna ne kawai. Baba bai ci abincin kirki ba. Sau biyu na kama shi yana kallon sukudireba.

Ranar Litinin, saura minti ashirin takwas ta cika, fitilar ta tsaya, ta koma kore. Ban tsaya godiya ba, na ruga ɗaki na rufe ƙofa.

Da na fito hutun rana, Baba yana kan kujerarsa a gaban akwatunan biyu. Inna ta ce tun safe bai motsa ba, wai ba a barin na'ura ita kaɗai ranar da aka tashe ta. A cinyarsa akwai sabuwar takarda. Ya zana bayan modem da na rauta, kowane rami a wurinsa, amma ƙasan, inda ya saba rubuta aikin kowanne, fari ne fat.

"Sun ɗauke ki?" ya tambaya.

"Sun ɗauke ni, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya kalli takardar, sannan ya miƙo min ita tare da biron da ban taɓa ganin ya ba kowa ba.

"Har yanzu ban gane me ya sa suke biyu ba," ya ce. "Zauna ki rubuta min, da manyan baƙi."