Masu Hura wa Inna Numfashi

A shekarun da Turawa suka ja iyaka tsakaninmu da Damagaram, sana'ata jigilar kanwa da jakuna daga Maigatari zuwa Gumel. A kan hanya akwai unguwar Maguzawa da ake dafa giyar dawa, na saba da ita har jakina na gaba ya riƙa tsayawa a ƙofar gidan da kansa. Ranar da na ɗauko surukina daga Sule Tankarkar, jakin ya ja ya tsaya a wurin, na doke shi ya ƙi motsi. Matar gidan ta leƙo ta ce, "Yau da baƙo ka zo? In kawo ƙwarya biyu?" Surukina ya sauka ya ƙarasa Gumel da ƙafa.

Wanzamina ne ya nuna mini hanya. Yana yi mini aski, aska na kan maƙogwarona, ya ce warin bakina ya kusa bugar da shi. Sai ya rage murya ya ce ran kasuwar Maigatari in zaga bayan kara, inda ake ɗaure shanu, zan ga wata tsamiya, in nemi mai kunu. Ya ce shi ma can yake zuwa. Na saci kallon hannunsa, na tambaye shi yaushe ya daina sha. Ya ce, "Tun girbi." Lokacin ko gero ba a gama ɗaurewa ba.

Na je ina zaton zan ga malami da rubutun sha. Na tarar da wata tsohuwa a gaban tukunyar kunun tsamiya, kowa Inna yake ce mata. A da ita ce gwanar dafa giya a duk yankin. Da mijinta ya faɗa rijiya a buge, ta farfasa tukwanenta, ta musulunta, ta kama kunu. Tsofaffin masu cinikinta da suka gaji da shan suka biyo ta, don ba wanda zai zauna da su a wani wuri.

Duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya hura mata numfashi, ta ji ko ya sha. Ni na tauna albasa kafin in isa. Ta yamutsa fuska ta ce, "Ɗan nan, albasar ma ta tona ka. Zauna." Daga nan kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Ban da ni da wanzami, waɗanda ba sa fashi su ne wani tsohon soja da wani mahauci daga Gagarawa. Matsalar ita ce hirar kan fara da nadama ta ƙare da yabo. Soja zai soma da yadda giya ta raba shi da matarsa, kafin a ankara yana kwatanta kumfar wata da ya sha a hanyar Damagaram, mu kuma muna haɗiyar yawu. Sai Inna ta buga muciya a gefen tukunya.

Wata kasuwa mahauci bai zo ba. Inna ta ce mu uku mu je Gagarawa mu nemo shi, kada mu yi masa wa'azi, kada mu taɓa shi, mu zauna kawai. Mun same shi da rana tsaka a wani gidan giya a bayan gari, ƙwarya cike a gabansa. Muka zagaye shi muka zauna. Ƙamshin ya shige ni har na ji ƙafata tana ja na wajen tukunyar giyar. Sai na ji soja ya damƙe mini riga ta baya. Da na waiwaya, wanzami ma yana riƙe da ta soja.

Mahauci ya ce, "Ko ku sha, ko ku tashi."

Soja ya ce, "Zama aka ce mu yi."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga ƙwaryar ya shanye ta tas, ya goge gemu, ya miƙe ya biyo mu.

Da kasuwa ta zagayo ya hura wa Inna. Ta daɗe tana shinshina, sannan ta ce, "Wannan giyar ba ta ma nuna ba, an cuce ka." Ta zuba masa kunu, ba ta ƙara maganar ba.

Ni kafin damina ta biyu na bar giya, ban koma mata ba. Mahauci kuwa ya yi ta faɗuwa yana dawowa, mu ma muka yi ta zuwa Gagarawa, har annobar mura ta ɗauke shi. A wajen jana'iza liman, wanda baƙo ne a garin, ya ce marigayi mutum ne da ba a taɓa jin kansa da wani abin assha ba. Ni da soja muka sunkuyar da kai. Wanzami kuwa tari ya sarƙe shi, sai da aka fita da shi aka ba shi ruwa.