Sandar Awon Kawu Imoru

Duk wanda ya san Kawu Imoru ya san sandarsa. Ba ta dogarawa ba ce, sandar awon yadi ce ta katako, ta sha hannu har ta yi baƙi wuluk. Da ita yake zuwa suna, da ita yake zuwa jana'iza. A masallacin unguwar Nima kuwa, ku maza kun fi ni sani, kafin liman ya ce a daidaita sahu Kawu ya riga ya bi ƙafafun mutane da ita. Ni Adiza, 'yar ƙanwarsa, da nake ɗinki a Maamobi, na fi kowa shan azabarta, don bai taɓa wuce teburina bai auna abin da na yanka ba.

Shekara ashirin da shida ya yi a bayan kantar atamfa a babban kantin nan na cikin gari, gaba da Zongo Lane kaɗan. A zamaninsa, in ji shi, mai saye ba ya tsayawa. Za a ba ka kujera, a ba ka ruwa, a tambayi mutanen gida, sannan a sauko da bandir. Kuma kowane yadi ya auna sai ya ɗora babban yatsansa a ƙarshen sanda, ya ƙara faɗin yatsan gyara. In ka tambaye shi dalili sai ya ce, “Mutum ne ya shigo, ba aljihu ba.” Maganar nan na ji ta har kunnena ya gaji.

Bayan an sami 'yancin kai da 'yan shekaru aka yi wa kantin kwaskwarima. Aka sa gilashi da fanka, aka kwashe kujeru, aka zuba 'yan makaranta masu ɗaure wuya. Shi kuwa Kawu, tunda ba ya karanta Turanci, aka ba shi agogon bango aka ce ya je ya huta. Hutu? Matarsa ta rasu, ba ɗa ba jika, wa zai zauna ya kalla? Ya ce min, “Adiza, ran da na daina zuwa kantin nan, ku fara haƙa min kabari.” Ranar Asabar ta farko sai ga shi ya koma, wannan karon ta gaban kanta, inda masu saye ke tsayawa, sandarsa a hammata.

Wanda ya gaji wurinsa wani saurayi ne, Mista Tete, mai agogon hannu. Yaron nan, wallahi, ya fi kallon agogonsa da kallon mutane. Wata Asabar ina wurin, mu mata kusan goma daga Zongo muna tsaye, wata tsohuwa ta yi masa sannu har sau uku, ko ɗago kai bai yi ba. Sai Kawu ya matsa, ya cire takalmi ɗaya kamar mai shiga gidan makoki, ya sassauta murya.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, yaushe aka yi rasuwar?”

Tete ya ɗago. “Wace rasuwa?”

“Af, na ga tun safe ba ka amsa gaisuwa, fuska a murtuke. A Nima mai zaman makoki ma yana amsa sannu, shi ne na ce lalle naka rashin babba ne. Mata, ku zo ku yi masa ta'aziyya!”

Kai jama'a! Matan nan kamar jira suke. Suka yi layi, kowace ta rusuna: “Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana.” Wata har da share ido da gefen mayafi. Ni kuwa kunya ta sa na ɓuya bayan tulin barguna ina cizon hannu don kada dariya ta kufce min. Ranar Tete ya sallami mata goma cikin minti kaɗan, don kawai mu tafi.

Sai maganar “finish”. Yaran nan sun koyi kalma ɗaya, kome ka tambaya, “Finish, babu,” ba tare da sun juya sun duba ba. Kawu kuwa ya san kantin kamar ɗakinsa. Yana jin “finish” sai ya ɗaga sanda ya nuna can sama.

“To wancan mai koren ganye fa, layi na uku? Na aljanu ne?”

“Baba, babu tsani.”

“Tsanin ma finish?”

Washegari ya so ya kawo tsaninsa daga gida, sai da na roƙe shi don Allah don Annabi. Amma kujera kam ban iya hana shi ba. Mutumin da zai taka da ƙafa daga Nima har cikin gari don kada ya biya kuɗin trotro, motar haya, shi ne ya sa kafinta ya yi masa 'yar kujera, yana ɗaukar ta a ka, da buta da kofin silba a hannu. Na ce, “Kawu, kantin nan fa sun sallame ka. Kai ne za ka shayar musu da mutane?” Ya ce, “Su suka sallame ni, ni ban sallami masu saye ba.”

Ni ce na jawo masa kora, kuma har yau abin yana ci min rai. Gab da Sallah na sayi yadi shida zan yi wa wata amarya ɗinki. Tete ya auna a jikin kanta yana jan atamfar kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, ya datse. Na ce Kawu mu tafi, ya ce ina! Ya shimfiɗa ta a gaban kowa, ya bi ta da sandarsa, sai ga shi ta gaza da taki guda cur.

“Yadi shida ne ko biyar da addu'a?” in ji Kawu. “Amaryar nan da hannun riga ɗaya za ta tare?”

Hayaniya ta kai ofis, manaja ya fito yana gumi. Ya ce daga yau kada tsohon nan ya ƙara taka cikin kantin, ya kuwa gaya wa mai gadi. Kawu ya naɗe min atamfata, ya ɗaure da igiya yadda ya saba, ya ɗauki kujerarsa. A hanya har Nima ni kuwa ina ta tuna maganar haƙa.

Ashe ban san kawuna ba. Asabar na zagayowa ya kafa kujerarsa a bakin titi, taku biyu daga ƙofar kantin, ya auna da sanda don kada a ce ya shiga hurumin wani. Duk mai shiga, “Sannu da zuwa, ya gida?” Duk mai fita, “Mun gode, sai kun sake dawowa.” Mun gode fa! Baƙi da yawa sun ɗauka shi ne mai kantin, manaja kuwa yaronsa. Wani Bazabarme har ya ce masa, “Alhaji, ka canza ma'aikatan nan naka.” Kawu ya ce, “Ina kan tunani.”

Wata rana wata tsohuwa mai sayar da kifi, 'yar ƙabilar Ga, ta fito daga ciki tana haki. Ta zaga kantin ba wanda ya kula ta, wani ma ya toshe hanci. Kawu ya zaunar da ita, ya ba ta ruwa, ya yi ta mata hira da yarensu yana mata fifita da hularsa. Can sai ga Tete ya fito cin abinci, ya yi turus. Mahaifiyarsa ce, ta zo ganin inda ɗanta ke aiki! Tsohuwa ta kama kunnensa a bakin titi ta wanke shi tas, ta ce duk gidan gilashin nan mutum ɗaya ne mai tarbiyya, shi ma a waje suka ajiye shi. Da ta tafi, Tete ya zo yana sosa ƙeya.

“Baba, na gode. Ka san mamana ce?”

“Ina zan sani? Wadda ka bari a tsaye jiya ma uwar wani ce. Jeka, agogonka na jira.”

Daga ranar, Tete kan faki idon manaja ya cika masa butar. Gaisuwa dai sai a hankali, amma ya fara.

Damina biyu Kawu ya yi a bakin ƙofar nan, ta uku ce ta kwantar da shi. Da ciwo ya yi nauyi ya miƙa min sandar ya ce, “Likkafanina a kantinmu za ki saya, ke da kanki, kuma da wannan za a auna. Kada su ja min yadi a kai ni ƙafa a waje.” Ina kuka ina dariya na ce to.

Da safe ya cika. Kafin azahar na shiga kantin, sandar a hannuna. Tete na ganinta ba Kawu, ya ajiye abin da yake yi. Ban san inda ya samo kujera ba, sai na ji ta a bayana.

“Sannu, Mma Adiza. Zauna.”

Ya hau tsani da kansa ya sauko da farin yadi, ya karɓi sandar da hannu biyu. Ya auna a hankali, bai ja ba, kuma kowane yadi sai ya ɗora babban yatsansa a ƙarshe. Da ya gama ɗaurewa ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce da 'yar Hausarsa, “Mma, yau kam an yi min rasuwa.” A nan na fashe da kuka a gaban kowa, ban ji kunyar manaja ba.

Allah ya jiƙan Kawu Imoru. Yadda bai taɓa barin baƙo a tsaye ba, Allah ya tarbe shi da sannu da zuwa, ya ba shi wurin zama, ya auna masa rahama har da gyara. Amin.