Kullun waina ya shiga kwamfutata

Jama'a, rubutuna na shekara tara yana hannun Allah, kuma kullun waina ne sila.

Da safe na duba kwamfutar tebur da nakan bari a kunne, shiru. Fanka ba ta juya ba, allo baƙi ƙirin, akwatin kuwa zafi kamar murhu. Littafin tafiye-tafiyena yana ciki, ba ni da kwafinsa ko'ina.

Na rungumo akwatin a adaidaita daga Fagge zuwa Sabon Gari, shagon Emeka mai gyara. Yana buɗewa ya shinshina.

"Baba, waina kake soyawa a ofis?"

Wani farin abu ya bushe a fanka, ya toshe kafofin iska. Na kira matata Hajiya a waya.

"Au, Alhaji, ai kan akwatin nan ne ya fi ɗumi a gidan. Nakan ɗora kwano a kai in rufa bargo, kullu ya fi saurin tashi. Jiya ne dai ya tumbatsa."

Na ga yashi ya kashe inji a Agadas, na ga gishirin teku ya ci na'ura a Jidda. Wannan ban taɓa gani ba!

Emeka ya ce injin ya ƙone, sai dai a ceci faifan ajiya. Na roƙe shi da Hausa, na ƙara da Igbo. Ya jona faifan a tasa kwamfutar, yana kwafowa babi-babi. Legas ta fito, Abijan ta fito. Yanzu minti arba'in ke nan kwafin ya tsaya cak a babin Alƙahira, faifan na ƙas-ƙas, saura babi goma sha ɗaya.

"Baba, kar ka taɓa teburin nan."

Ko tari na kasa yi. Don Allah ku taya ni addu'a in fita daga Alƙahira.